Randar Iri a Bayan Kwanonina

Ni ba ƴar gona ba ce, gara in faɗi wannan tun farko kafin wani ya kira ni wawuya, ko da yake in ya kira ma bai yi ƙarya ba. A birnin Damagaram aka haife ni, mahaifina ɗan tireda ne, gero kuwa a tiya na san shi: a auno daga kasuwa, a zuba a turmi, shi ke nan. Aure ne ya kawo ni ƙasar Damargu, wani ƙauye a kan hanyar Belbeji in an baro Tanut, inda hira ba ta wuce ruwan sama da gero da dabba. Mu biyar ne a gidan, ni da maigidana da ƴaƴanmu biyu, sai mahaifiyarsa da nake kira Inna. Yanar ido ta rufe mata gani tun kafin in zo gidan, ba ta gane komai sai haske da duhu. Amma hannunta da kunnenta, tabɗi! Ko allura ka yar a tsakar gida za ta gaya maka inda ta faɗa.

Cutata ɗaya ce a duniya, saye-saye. Ba na gulma, ba na yawon gidaje, amma ka sa ni a kasuwar Tanut da kuɗi a bakin zane, to ka gama da ni. Zan hau amalanke da niyyar gishiri da daddawa da ƴar kuka, wallahi da zuciya ɗaya. Ina sauka sai ƙafafuna su kai ni layin ƴan koli, inda ake baje kayan da manyan motoci ke gangarowa da su daga Agadas. Akwai wani ɗan koli mai bakin zuma, da ya hango ni sai ya washe haƙora ya ce, "Hajiya, yau na ajiye miki abin da ba a yi shi don ƴan ƙauye ba." Ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba, balle Makka! Amma maganar takan ratsa ni, in ji cewa har yanzu ni ƴar birni ce, sai in kwance bakin zane.

Tarmos uku nake da su, a gidan da ba a dafa shayi sai an yi baƙo. Kwanonin silba masu murfi jeri-jeri, daga wanda zai ci tuwon mutum goma har wanda ko kaza ba za ta ƙoshi a ciki ba. Furen roba, labule biyu a ɗaki mai taga ɗaya, fitilar sola mai rediyo, da wani agogon bango mai kiran salla wanda ban iya saita shi ba, kullum da hantsi yake kiran magariba. Ɗakina ya cika har sai na karkace nake kaiwa bakin gado. Maigidana yakan tsaya a ƙofa ya ce, "Ke, in wuta ta tashi a ɗakin nan ta ina za ki fita?" Ni kuma in ce masa kuɗin furata ne da na awakina, ban taɓa masa ko dala ba. A lokacin gaskiya nake faɗa.

Gidanmu yana da irin gero nasa, ankutes, gajeren geron nan na Damargu mai ɗan kauri, wanda ke gaggawar nuna kafin ruwa ya ɗauke. Inna ta gada wajen mijinta, shi kuma wajen ubansa. Kowace kaka, kafin a sa dammuna a rumbu, sai ta zauna a kan tabarma ta riƙa shafa zangarku ɗaya bayan ɗaya, tana ware waɗanda suka cika suka tsuke. A sussuke su daban, a gauraya da toka don ƙwari, a zuba a wata tsohuwar randa, a liƙe bakin da laka. Lakar tana ɗanya sai Inna ta danna tafin hannunta a kai. Ƙaramin yatsanta a lanƙwashe yake, karaya ce tun tana yarinya, don haka sawun hannunta ba ya kama da na kowa. Ba mai fasa wannan laka sai ranar shuka.

A shekarar da nake ba da labari gara ta ci ɗakin Inna, sai aka shigar da randar ɗakina, aka cusa ta can ƙurya bayan kwanoni. Maigidana zai tafi cin rani Agadas, inda yake aikin gini. Ranar da zai tafi Inna ta kamo hannuna ta ɗora a wuyan randar ta ce, "Ƴar nan, rumbu abincin bana ne, wannan kuwa na baɗi ne. Ki kula da ita." Na ce, "To, Inna," da ƙarfina, har ina jin haushin a ce sai an gaya mini.

Rani ya yi nisa, ciniki ya mutu, kuɗin da maigidana kan aiko ta salula suka yi jinkiri. Sai ɗan kolin nan ya fito da wasu tukwane masu murfin gilas, guda biyar, kowace tana shiga cikin ƴar'uwarta. Na dawo gida ba tare da su ba, na kwana bakwai ina ganinsu a idona. Rumbu a tsakar gida yake, Inna na jin ƙarar murfinsa ko tana salla. Randa kuwa tana ɗakina, bayan labule. Na ce a raina, tiya biyu kawai, wa zai sani? In kuɗi sun zo sai in mayar.

Da rana tsaka na yi, Inna na barcin ƙailula. Na ɓamɓare lakar da bakin wuƙa, na ɗiba, na bakace tokar a bayan ɗaki. Sannan na kwaɓa sabuwar laka na liƙe, na lanƙwashe ƙaramin yatsana kamar nata, na danna. Na tsaya ina kallon sawun, har da jin daɗin wayona. Mai awon da na kai wa, wata dattijuwa mai zama ƙarƙashin rumfar kara, ta murza geron a tafinta ta ce, "Kai, wannan gero ya yi kyau," ta ba ni kuɗi fiye da yadda na zata. Ranar na dawo da tukwanena a ka.

Sau ɗaya ne mai wuya. Bayan tukwane sai wani bargo mai zanen damisa, a garin da zafi ke hana mutum barci. Bayan bargo sai faranti, sai turare, sai takalman da ko sau ɗaya ban taka da su ba don sun matse ni. Kowane zuwa in ce wannan ne na ƙarshe. Da farko yatsuna kaɗai nake sawa in taɓa gero, daga baya sai da gwiwar hannu, wata rana na zura hannu har kafaɗa kafin in ji shi. A nan na zauna daɓas a ƙasa.

Bazara ta shigo, gajimare ya fara taruwa ta gabas, maigidana ya kira ya ce yana tafe nan da kwana goma. Na sa salular a kan gado na juya na kalli randar. Abin da ya rage a randar bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Ba dukan miji nake tsoro ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Tsoron ranar shuka nake, a fasa laka gaban kowa, Inna ta zura hannu ta ji iska. Na rasa ci na rasa sha, ko ƴata ta taɓa labulen nan sai in daka mata tsawa ba gaira ba dalili.

Sai dabara ta zo mini, irin dabarar wanda bai san komai ba. Na ja akuyata ɗaya zuwa kasuwa na sayar, na tafi wajen mai awon nan na ce ta auna mini gero. Ta tambaye ni, "Na ci ne?" Na ce na ci ne. A lokacin geron gari ya yi wuya, buhunan da ke gabanta mota ce ta kawo su. Ban tambayi daga ina ba, ina ruwana? Gero ai gero ne. Har zaɓa na yi, na nuna buhun da ƙwayarsa ta fi girma, wai don in mayar wa Inna da wanda ya fi nata kyau. A gida na kwashe ƙwarya guda ta irin Inna na ajiye gefe, sauran na juye shi a tabarma tare da na kasuwa da toka, na gauraya, na sake gaurayawa, har ba mai iya raba su. Na mayar a randa, na zuba ƙwaryar nan a sama, na liƙe, na danna hannu da yatsa a lanƙwashe. Na yi ajiyar zuciya, na ce Allah ya rufa mini asiri.

Kwana huɗu da dawowar maigidana aka yi ruwan shuka, da la'asar, mai ƙarfi, har kwari ya kawo. A Damargu ba a jiran gobe da jibi, laimar ƙasa ba ta daɗewa. Da sassafe aka jawo randar tsakar gida. Inna ta sa hannu ta shafa sawun da ke kan lakar. Ta shafa, ta koma ta sake shafawa. Ni kuwa ina tsaye da ƙwarya ina kallon hannunta. Sai ta ce, "Bismillahi, fasa." Maigidana ya fasa, ta damƙi na sama ta shinshina, ta yi addu'a ta tofa. Muka shuka babbar gona ta kan jigawa, muka shuka ƙarama ta gefen kwari, shi yana sara da sungumi, ni ina bi ina jefa iri ina rufewa da dunduniya.

Shuka ta fito, ta yi kyau kuwa, kowane rami ya yi tsiri cunkus. Na ce na tsira. Har na yi wa Allah alkawarin ba zan ƙara ba, amma da mako biyu suka wuce sai ga ni a kasuwar Tanut, na zo sayen kayan miya don gayyar da za a yi mana washegari, ido na kuma yana satar kallon layin ƴan koli. Na bi ta gaban mai awo muka gaisa, ta ce cikin raha, "Ƴar birni, yaya geron nan nawa? Ya yi auki a fura?"

Bakina da ba ya shiru! Na sunkuya na ce mata a hankali, "Ai ba ci muka yi ba, shukawa muka yi. Ki ga yadda ya fito, ma sha Allah."

Ta ajiye tiyar da ke hannunta. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta ce, "Kika yi me?" Na maimaita. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Yarinya, geron kudu ne, daga can wajen Magarya aka ɗauko shi. Dogon gero ne, sai ya sha ruwan wata huɗu yake ba da ƙwaya. Mu nan yaushe muka taɓa samun ruwan wata huɗu? Zai tashi, zai fi mutum tsawo, ya yi kore shar, sannan ruwa ya ɗauke ya bar ku da kara. Ba sai da na tambaye ki ba?"

Ban san yadda na kai bakin amalanke ba. Ɗan kolin ya ƙwala mini kira, "Hajiya! Hajiya!" ko waiwaye ban yi ba. Tun da na zo Damargu ranar ce ta farko da na bar kasuwa ba tare da na sayi abin banza ba. A hanya matan da muke tare suna ta hira, ni ina kallon gonakin mutane. Abu ɗaya na riƙe na kwantar da raina da shi: ai da irin Inna a cikin kowane rami, ko kaɗan ne, shi zai nuna.

Washegari aka yi gayya. Maza wajen talatin suka fito da hauyoyi don noman farko da cira a babbar gona. Na dafa tuwo tuli, na zuba a kwanonin silbar nan nawa da ba su taɓa ganin rana ba, muka ɗauka mu mata muka kai da hantsi. Ina isa bakin gonar na ga abin da ban yi tunaninsa ba. Cira ai rage tsiri ne, a bar uku ko huɗu a rami, kuma kowane manomi masu ƙarfi yake bari ya tumɓuke ƙananan. Masu ƙarfin, masu faɗin ganye, su ne baƙin. Ƴan siraran da ake tumɓukewa ana yarwa a rana, su ne irin Inna. Ga su nan zube a tsakanin ramuka, sun fara yaushi.

Na tsaya da kwano a ka kamar an dasa ni. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da su, in ce ku dakata. Amma in faɗe ta gaban maza talatin, da ƙannen maigidana, da liman? Kafin azahar labari ya kai Belbeji, a ce ƴar birnin nan ta sayar da irin gidan miji ta sayi tukwane. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai wani dattijo ya ce, "Kai, wannan kwanoni! Gidan nan an iya aure." Aka yi dariya, maigidana ya yi murmushin jin daɗi. Na sauke kwanon, na zuba musu miya, na koma gindin aduwa na zauna ina kallo suna ci, suka tashi suka ci gaba da tumɓukewa. Kafin la'asar sun gama babbar gona kaf. Tsoron kunya ya fi mini tsoron yunwa a ranar, kuma wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Saura ƙaramar gona, wadda maigidana zai yi shi kaɗai washegari. Da safe yana wasa hauya a ƙofar gida, na shiga wajen Inna na durƙusa. Tana jan carbi. Na ce, "Inna, na yi ɓarna." Ta ce, "Ina jin ki." Na faɗa mata duka, tun daga tukwane har maganar mai awo, ina kuka ina haɗa majina. Carbin ya tsaya a hannunta. Sannan ta ɗaga murya ta kira ɗanta, ta ce, "Ajiye hauyar nan. Ku kai ni gona."

A kan amalanke na sake maimaita masa. Bai dube ni ba, jakin kaɗai yake kallo. Can ya ce, "Ki ce mini wasa kike yi." Na ce ba wasa ba ne. Ya ce, "Jiya kina zaune a gindin aduwa kin sani?" Na ce na sani. Ya ci gaba da kora jakinsa, da ma zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

A ƙaramar gona Inna ta durƙusa a bakin rami, tsohuwa da ita, gwiwa cikin rairayi. Ta riƙa bin tsirin da yatsu tun daga gindi har ƙarshen ganye. Ta ce, "Wannan baƙo ne, ji faɗin ganyensa. Wannan namu ne." Ta kamo hannuna da ƙarfi ta sa na taɓa, ta sake sa ni na taɓa har na gane. Kwana shida muka yi a gonar nan mu uku, muna cira a juye, mu tumɓuke manya mu bar ƙanana. Masu wucewa suka riƙa tsayawa suna tambaya ko lafiya, maigidana ya ce musu lafiya lau. Sake shuka babbar gona kuwa ba zance, lokaci ya wuce, irin ma babu.

Sauran daminar nan a tsorace na yi ta. Kullum da safe sai na fito na duba gabas. In na ga hadari in ce ya Allah ka ƙara mana wata guda bisa na kullum, wata guda kawai. In kwana uku suka wuce ba ruwa sai zawo ya kama ni. Babbar gona ta tashi yadda mai awo ta faɗa, ta fi ta kowa tsawo da kore, har baƙi masu wucewa a mota suna nunawa. Mutanen gari kuwa da suka ga geronsu ya yi ciki ya fitar da kai namu yana ta tsawo, sai suka daina yabo suka koma kallo. Ba wanda ya tambaye ni, amma a bakin rijiya in na iso sai hira ta mutu. Maigidana ya daina cin abinci a kwanon silba. Bai ce don me ba, tsohon akushin mahaifinsa ya ɗauko ya ajiye mini a bakin murhu.

Ban jira kaka ba na fara kwashe ɗaki. Ranar kasuwa na shimfiɗa tabarma a Tanut na baje tarmos da kwanoni da labule da furen roba, ni da nake zuwa a kira ni Hajiya. Na fara kai wa ɗan kolin nan tukwanen, ko sau ɗaya ba a ɗora su a wuta ba. Ya juya su yana yamutsa fuska, ya ce yayinsu ya wuce, ya taya abin da bai kai rabin rabin kuɗinsu ba. Na ce, "Kai, ka ji tsoron Allah, ba kai ka ce mini ba a yi irinsu ba?" Ya ce, "Baiwar Allah, in ba ki sayarwa ki matsa, kina tare mini ciniki." Yau kuma baiwar Allah na zama! Na sayar, don ba ni da zaɓi. Kasuwa biyar na yi ina wannan zama, duk abin da na samu a take nake kai wa mai awo ta auna mini na ci, kafin ya ɗumama a hannuna. Agogon nan mai kiran magariba da hantsi ba wanda ya taya, sai kyauta na bayar. Kayan da suka cika ɗaki har ba wurin taka ƙafa, da suka koma gero, jaki ɗaya ya ɗauko su bai ko yi nishi ba.

Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa, bai ƙara mini ko kwana ɗaya ba. Babbar gona ta fitar da kai dogo-dogo, ka kama ka murza sai ƙaiƙayi. Ɗai-ɗai na irin Inna da suka tsere wa cira muka bi muka tsinta. Karan muka sayar wa Fulani makiyaya. Ƙaramar gona ce ta nuna, ta cika, amma ƙarama ce. Abin da muka sa a rumbu da abin da kayana suka sayo, ko da tsimi, ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Maigidana bai jira an gama kaka ba ya ɗauki jakarsa ya koma Agadas. A ƙofar gida ya ce mini, "Ki riƙe su da kyau," shi ke nan sallamar.

Bayan tafiyarsa Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta zauna gaban dammunan ƙaramar gona ta ware iri kamar kullum. Na sussuka, na gauraya da toka, na zuba a randa, na kwaɓa laka na liƙe. An riga an gyara ɗakinta, don haka na ce, "Inna, bari in kira a kai miki ita ɗakinki." Ta ce, "A'a. Na ji muryarki tana amsawa in kina magana a ɗakinki, wato yanzu akwai wuri." Na kawo randar gabanta don ta danna hannu. Sai ta laluba ta kamo nawa.

Ta ce, "Miƙe yatsan. Ba sai kin lanƙwashe ba."

Na ce, "Inna, kin sani?"

Ta ce, "Tun ranar shuka. Hannun da na shafa ya fi nawa faɗi. Na ɗauka ɗiba kika yi, na ce yarinya ce, in iri ya gaza sai mu rage gona, ba sai na tona ta gaban mijinta ba. Ban san ƙari kika yi ba. Da kin bar randar yadda kika rage ta, ƴar nan, da mun shuka kaɗan mun ci kaɗan. Cikawar da kika yi ita ta kashe gonar." Ta danna tafina a kan lakar, ta riƙe shi a can har sai da sanyinta ya ratsa ni.

Ranin nan ya yi tsawo. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu, da rana sai fura mai ruwa-ruwa. Kasuwa sai dole nake zuwa, in na je ta bayan turken dabbobi nake zagayawa don kada in bi ta layin ƴan koli, kuma har yau haka nake yi. In abu ya shiga raina sai in ce masa jira kasuwa mai zuwa, in ta zo yawanci na manta da shi. Ɗakina ba komai sai gado da akwati da randar nan a tsakiya, cike da gero, ƴaƴana na kallonta suna cewa yunwa. Tsoron hannuna nake ji, har in zan wuce ta sai in haɗa su a baya.

Inna kan ci loma uku ta tura wa jikokinta kwanon, ta ce ta ƙoshi, wai cikin tsofaffi ƙarami ne. In na matsa mata sai ta ce, "Ke, ba na son fitina." Ta kwanta ciwo a farkon bazara, kwana tara ta yi ta rasu. Kowa ya ce mini tsufa ne da ajali, na kuma yarda ajali ne. Amma ni ce mai ɗauke kwanonta, na san abin da take ci da abin da take bari.

Maigidana ya dawo zaman makoki, bai koma ba sai ga ruwan shuka. Da safe ya jawo randar tsakar gida, ya tsuguna ya duba lakar. Sawun hannuna ne a kai, yatsu biyar a miƙe, ko tsaga babu. Ya ɗauki sungumi ya tsaya yana jira, muka juya mu biyu muka kalli ƙofar ɗakin Inna. Sannan ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai tun ranar amalanke, ya ce, "To, ki ce."

Na ce, "Bismillahi, fasa."